An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Zubewar Gashi Da Ƙarancin Jini

Yau dai na ɗan jingine ƙagaggen labari a gefe, saboda akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar tamu ce mu mata, amma ina son mazan ma su tsaya su ji, don da su a ciki.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda muke siffanta tauraruwar labari. Ko fara ce ko baƙa, ko 'yar mai kuɗi ce ko 'yar talaka, abu ɗaya ne ba ma hana ta, shi ne gashi. Sai ka ji ɗankwalinta ya zame, gashi ya zubo har gadon baya, baƙi siɗik, saurayi ya saki baki yana kallo. To wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa ba ƙaramin rufin asiri ɗankwali yake yi mana ba. Akwai matar da ko a gaban mijinta ba ta yarda ta zauna babu shi, akwai wadda ta daina zuwa gidan kitso don kunyar idon mutane. Tun da na fara rubutu, in aka cire tambayar yaushe littafi na biyu zai fito, babu tambayar da mata suka fi yi mini kamar ta man gashi. Sun ɗauka tunda na iya siffanta shi, to na san sirrinsa. Abin da na sani shi ne wanda zan ba ku yau, kuma a kan ƙanwata na san shi.

Ƙanwar tawa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Duk gidanmu ita ce mai gashi, tun tana yarinya mai kitso kan yi mita in ta ga an kawo ta, don sai ta cinye mata yini. An yi mata aure ta tarar da uwargida, suka zauna lafiya daidai gwargwado, irin zaman da ake cewa sai son barka. A cikin shekara bakwai ta yi haihuwa huɗu, ta ƙarshen a farkon 2021, kuma a wannan ta zubar da jini sosai. Bayan an yi suna an gama wanka, sai gashi ya fara bin mataji. Da farko aka ce ai na jego ne, kowa ma yana yi, zai tsaya. Yaro ya yi zama, ya yi rarrafe, ya fara tafiya, gashi bai tsaya ba. In ta yi tsifa sai ta tara dunƙule kamar an aske wa yaro kai. Tsagar kitsonta ta buɗe, ana hango fatar kai, jelar kalabar da a da take sauka kafaɗa ta koma kamar wutsiyar ɓera.

Babu abin da ba ta shafa ba. Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, man darbejiya, hulba, ta wanke da karkashi, ta ƙunsa lalle, har haɗin 'yan Chadi ta sa aka kawo mata da tsadarsa. Kuɗin adashinta guda ya tafi a kan kai. Da duk aka yi ba a dace ba, sai masu zuga suka samu ƙofa. Wata ƙawarta ta tambaye ta, in kin yi tsifa ina kike zubar da gashin? Kun dai san yadda muka taso, ana ce mana kada a bar gashi a wulaƙance, a tusa shi a rami ko a ƙone, kada maƙiyi ya samu. Sai ta tuna wata rana ta bar matajinta a tsakar gida, kuma uwargidan ce ta miƙo mata shi a wanke tas. Shi ke nan, zance ya ƙare a wajenta. Gaisuwa ta yanke, aka raba tukunya, yara suka daina shiga ɗakin juna. Maigidan ya rasa inda zai sa kansa. Ita kuwa uwargidan ta rantse ta maya, ta yi kuka har ta gaji ta zuba ido.

Wadda ta fara gano bakin zaren ba likita ba ce, wata dattijuwa ce mai kitso a unguwarmu, Inna muke ce mata. Ƙanwar tawa ta zo mini yini, na matsa mata sai an yi mata kitso ko guda shida ne. Inna ta ɗora kanta a cinya, ta yi tsaga biyu, sai ta tsaya. Ta ce, 'yar nan ɗago in gan ki. Ta kama hannunta ta juya tafin, ta duba farcenta, ta ja fatar idonta ta ƙasa. Sai ta dube ni ta ce, ke wannan ƙanwar taki ai ba ta da jini, ku dubi idonta fari fat kamar an wanke. Ta ce shekara talatin tana taɓa kan mata, kan mai jini daban, kan marar jini daban.

Nan na sa ta a gaba da tambaya, sai ga magana tana fitowa. Ashe ta daɗe in ta yi shara sai ta zauna ta huta. In ta tashi tsaye jiri, in ta ɗauko bokiti daga bakin famfo sai haki, zuciya tana bugawa fat-fat. Al'adarta tun da ta dawo kwana takwas take yi, da guda-guda. Ta ce, Yaya wallahi har ƙanƙara nake saya in zauna in yi ta tauna, in ban samu ba ji nake kamar zan yi hauka, in aka yi yayyafi kuwa ƙamshin ƙasar nan ji nake kamar in ɗiba in ci. Duk wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinta gajiyar raino ce. Gashin kawai take kuka da shi, saboda shi ido yake gani.

Washegari muka tafi asibiti. Aka ɗebi jini, sakamako ya nuna ma'aunin jininta, wanda suke kira himogulobin, 8 ne. Likitar, wata mace mai haƙurin bayani, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, macen da ba ta da ciki in nata ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki kuma in ya gaza 11. Sannan ta sake rubuta wani gwajin mai suna feritin, wanda ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, kuma ya fi tsada. Shi ma ya fito bai kai 10 ba, alhali a ma'aunin hukumar duk babban da nasa ya gaza 15 ajiyarsa ta ƙare.

Bari in yi muku bayanin yadda na fahimta, da irin Hausarmu. Akwai sinadarin ƙarfe a jikin ɗan Adam, wanda 'yan asibiti ke ce wa ayon. Ba shi da yawa, duka-duka giram 3 zuwa 4 ne a jikin babba, bai kai cikin ƙaramin cokali ba, amma da shi ake ƙera jan jini, kuma jan jinin ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta kowane lungu na jiki. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfen yana yawo a cikin jini, sauran kuma akwai wanda ake ajiyewa a hanta da saifa da ɓargo. Ku ɗauki jini a matsayin tukunyar da ke kan wuta, ajiyar kuma rumbu. Gwajin jinin da aka saba yi mana a wajen awo tukunya yake leƙawa, feritin kuwa rumbu yake leƙawa. Ana iya ganin tukunya cike alhali rumbu ya kusa komawa wayam, don sai an gama yashe rumbu kafin tukunya ta nuna. Shi ya sa mace za ta iya yin gwaji a ce mata jininta lafiya lau, amma gajiya da zubar gashi ba su bar ta ba.

To ina ruwan gashi da wannan? Tushen gashi yana cikin wuraren da ƙwayoyin halitta suka fi saurin hayayyafa a jiki, kuma wannan aikin yana cin ƙarfe. Shi kuwa jiki kamar magidanci mai hankali ne a shekarar fari. In hatsi ya yi ƙasa ba zai hana yara tuwo don ya sayi labule ba. Zuciya da ƙwaƙwalwa su ne yaran gida, gashi da farce su ne kayan ado, su ake fara yanke wa kaso.

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana shekara biyu zuwa shida yana tsiro, sannan ya tsaya ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. A kan mai lafiya kusan tara cikin goma suna tsiro ne, ɗaya ke hutu, don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mu da muke barin kitso ya yi sati biyu, in mun tashi tsifa na kwana goma sha huɗu ne ke fita lokaci guda, wannan bai kamata ya tsorata kowa ba. Matsalar ita ce in jiki ya shiga takura, sai ya kori silin da yawa zuwa hutu tun lokacinsu bai yi ba. Kuma ba nan take suke faɗuwa ba, sai bayan wata biyu zuwa uku. Wannan jinkirin shi ne ke ɓatar da mu. Lokacin da gashin ya fara zuba an riga an manta da jinin da aka zubar ko zazzaɓin da aka kwanta, sai a kama abin da ya faru jiya, a ce sabon man da aka saya ne, ko hannun mai kitso, ko bakin mutane, ko kishiya. An bar jaki ana dukan taiki.

Likitoci sun daɗe da lura da haka. Tun a 1963 aka buga wani bincike a wata mujallar likitocin fata ta ƙasar Suwidin, kan matan da gashinsu ke zuba saboda ƙarancin ƙarfe alhali jininsu bai yi ƙasa ba. Bincike da dama sun biyo baya, wasu sun ga alaƙar ƙarara, wasu ba su gan ta da ƙarfi haka ba, kuma har yau akwai saɓani kan iya yawan ajiyar da gashi ke buƙata. Amma dai likitan fata in mace ta zo masa gashi yana zuba ta ko'ina a kai, gwajin ƙarfe yana cikin abubuwan da yake fara nema.

Me ya sa mu mata abin ya fi kamawa? Saboda mu ne muke zubar da jini duk wata, kuma ƙarfen yana bin jinin ya fita. A ƙiyasin masana abinci na Amurka, namiji babba miligiram 8 yake buƙata a rana, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Ciki ɗaya kacal yana cin wajen miligiram 1,000, tsakanin na ɗan tayi, na mabiyiya, ƙarin jinin uwa da wanda za a zubar wajen haihuwa. Ku lissafa ciki huɗu a shekara bakwai, kafin rumbu ya farfaɗo an sake ɗiba. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke farfasa jini, ga tsutsar ciki mai tsotsa, ga tsargiya ga masu shiga rafi, ga ƙarin mahaifa da ke sa al'ada ta yi ta zuba. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wato in kin shiga gidan biki kin ƙirga mata goma, kusan shida. Ba dukkansu ne ƙarfe ya jawo musu ba, amma shi ne kan gaba a cikin dalilan.

Sai kuma yadda muke cin abinci, a nan ne nake son maza su buɗe kunne. Wanda ya fi kowa buƙatar ƙarfe a gida shi ne ya fi kowa rashin samu. Mace ce za ta dafa, ta tsame tsoka da hanta ta jera a kwanon maigida, ta raba wa yara, ita ta tashi da ƙashi da romo, wani lokacin ma ƙanzo. Da safe shayi da burodi. Shi kuwa shayi yana da wani sinadari mai ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji tsotsa, haka ma kofi, madara ma tana rage shi in an haɗa. Ƙanwata kofi uku na baƙin shayi take sha a rana, tana cewa shi ne ke ba ta ƙarfin aiki. Iyayenmu da suka tsara a gasa wa maijego nama, a yi mata farfesun ƙauri, sun san abin da suke yi. Sai dai gatan na kwana arba'in ne, rumbun da aka yi shekaru ana ɗiba kuwa ba ya cika a kwana arba'in.

Kada wata ta karanta wannan ta ruga kemis. Ba duk zubar gashi ce ta ƙarfe ba. Wadda gaban goshinta da gefen kunnuwa ne kawai suka cinye, ta binciki kitson da ake ja mata har ido ya ɗage, da ƙarin gashi mai nauyi, don in aka daɗe ana ja tushen yana mutuwa, kuma ba ya dawowa. Wadda nata karyewa yake yi daga tsakiya, ta binciki man miƙar da gashi da zafin abin busarwa. Wanda ya ci wuri guda ya yi zagaye da ɓamɓaroki, wataƙila makero ne. Akwai na ciwon maƙoƙo, akwai na gado, akwai wanda ke biyo bayan zazzaɓi mai zafi ko tashin hankali. Na jego na gaskiya yana farawa wajen wata uku bayan haihuwa, kuma yawanci kafin yaro ya shekara ya lafa da kansa. Gwaji ne ke rarrabewa. Kuma shan maganin ƙarfe babu gwaji yana da haɗari, don jiki ba shi da hanyar fitar da rararsa, taruwa yake yi a hanta da zuciya. Masu sikila musamman, waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini, kada su kuskura sai da izinin likita. A kuma ɓoye ƙwayoyin nan nesa da yara, jajaye ne kamar alawa, yaro in ya haɗiye da yawa zai iya rasa ransa.

Ita dai ƙanwata an ɗora ta a kan ƙwayar ƙarfe, irin wadda ake raba mana a wajen awo, wadda da yawa ake karɓa a jefa a loka. An ba ta maganin tsutsa, an duba dalilin yawan al'adar aka yi mata magani, don zuba ruwa a tulun da ke yoyo aikin banza ne. Likitar ta gargaɗe ta cewa bayan gida zai yi baƙi, kada ta tsorata, zai iya ɗaure ciki ko ya sa tashin zuciya, in ya dame ta ta dawo a sauya mata tsarin sha, kada ta ajiye da kanta. Ta ce ta sha da ruwa ko da lemo, kada ta sha da shayi ko madara, kuma ta bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi. Ta ƙara da cewa ko jini ya dawo daidai sai ta ci gaba har wata uku, don a cika rumbu.

Wajen abinci kuwa babu wani abin da sai an je kanti. Ƙarfen da ke cikin jan nama, hanta, ƙoda, saifa da kifi shi jiki ya fi saurin karɓa, sai dai mai ciki ta yi hankali da yawan hanta. Sannan wake, zogale, alayyahu, riɗi, daddawa da gero duk suna da shi, amma nasu yana son ɗan rakiya, wato abu mai bitamin C. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka tumatir da tattasai a kan wake, a ci gwaba ko lemo bayan abinci. Jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda muke yi wa koko, yana taimaka wa ƙarfen ya saku. Haɗin nan kuwa da aka yi wa suna, lemon malt da madarar gwangwani, daɗin baki ne da ƙiba, madara ba ta da ƙarfen a zo a gani. Haka nan ba duk abin da yake ja ne yake zama jini ba.

Bayan sati uku ta ce mini jirin ya ragu, ta daina sha'awar ƙanƙara. Gashi kuwa shi ne na ƙarshen dawowa, kamar yadda ya zama na farkon tafiya. Sai da ta yi wata huɗu kafin mataji ya fara fitowa da sauƙi, wajen wata na shida ƙananan gashi suka fito a tsaga tsaye cirko-cirko. Gashi bai wuce tsawon santimita ɗaya yake ƙarawa a wata ba, mai gaggawa ba za ta ga komai ba. Yanzu ya cika, ko da yake bai koma tsawonsa na ƙuruciya ba.

Abin da bai koma ba shi ne zaman gidan. Ta je har ɗaki ta durƙusa ta ce, Yaya ki yafe mini. Uwargidan ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, amma shekara guda aka yi ana nuna ta da baki a dangi ana cewa mai asiri ce, har 'yarta budurwa ta ji a gidan suna. An koma tukunya ɗaya, ana gaisawa, sai dai hirar tsakar gida da dariyar da ake yi a da sun tafi. Ƙwayar da ta warkar da ƙanwata ba ta kai kuɗin kwalba ɗaya ta man da take saya ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake sosa mini rai.

Don haka 'yar uwa, in gashinki yana zuba ta ko'ina, kuma kina fama da kasala, jiri, haki, ko kwaɗayin ƙanƙara da ƙasa, ko al'adarki tana wuce kwana bakwai, kafin ki sayi wani man ko ki zargi wata, ki je a auna jininki, ki kuma roƙa a duba ajiyar. Iyaye mata, ku lura da 'yan matanku da suka fara al'ada, barcin da suke yi a aji da fashewar fuska ba kullum ne lalaci ba. Masu kitso, ku yi koyi da Inna, kanku mata suke fara kawo wa kafin likita. Ku kuma iyayen gida maza, in aka kawo kwano kuka ga hanta a sama, ku tambaya ita me ta ci. Matar da jininta ya yi ƙasa in ta shiga ɗakin haihuwa, zubar jinin da wata za ta jure ita ba lallai ta jure ba, ashe maganar ta wuce ta kwalliya.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya raba mu da zato. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.